Ɗan Gida da Aka Kira Baƙo: Tarihin Bikin 'Yan Daudu

Unguwar Kilomita Biyar da ke Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ta samo sunanta ne daga tazarar da ke tsakaninta da tsakiyar gari, kuma shekara da shekaru ita ce babbar kasuwar ƙasar. Hausawa da Barebari da Fulani da mutanen Chadi da na Mali da Senegal suka kafa rumfuna a nan, suka gina babban masallaci, suka hayayyafa, 'ya'yansu suka tashi da harshen Sango a baki kamar kowane ɗan Bangui. Da rana ciniki, da dare kiɗa, don gidajen rawar unguwar sun yi suna a birnin. Sai 'yan tawayen Seleka suka ƙwace mulki a watan Maris na 2013, sai ramuwar gayyar 'yan Anti-balaka kan Musulmi ta biyo baya daga 5 ga Disamba. Kafin a ɗaga adda kan Musulmin Bangui, sai da aka fara laƙaba musu suna: baƙi. Mutumin da aka yanke wa kakansa cibiya a bakin kogin Ubangi ya wayi gari ana ce masa ɗan Chadi. Daga Musulmi fiye da 100,000, kimanin 15,000 ne suka rage a killace cikin unguwar lokacin da Paparoma Francis ya ziyarci masallacinsu ranar 30 ga Nuwamba 2015. Ko gawa ba sa iya kaiwa makabartarsu ta unguwar Boeing, sai da aka ƙulla yarjejeniya a Fabrairun 2016.

Na fara da wannan unguwa ne saboda dabarar da aka yi amfani da ita, ba don in haɗa jinin da aka zubar a can da wani abu ba. Idan ana son korar ɗan gida ba tare da zuciya ta tuhumi mai kora ba, sai a fara cewa ai dama ba ɗan gida ba ne. Mu Hausawa da aka yi wa 'yan'uwanmu haka a Bangui, muna yin makamancinsa a Kano da Zariya da Bauci ga wasu mutane da suka daɗe a cikinmu. Kusan kowace shekara sai an ji sanarwa a rediyo cewa an kai samame wani ɗakin taro, an kama masu “auren jinsi”, sai jama'a su girgiza kai su ce ga abin da Turawa suka kawo mana. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Taron da ake tarwatsawa yana da suna a Hausa tun kafin a haifi masu kai samamen, biki ne ko ajo, kuma masu yin sa, 'yan daudu, sun fi jirgin ƙasan Kano daɗewa a ƙasar Hausa. Sabon abu a nan shi ne sunan da aka sa wa taron, kuma wannan sunan ne ya zo daga waje.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da ake kwatanta bikin da shi. A birnin San Faransisko na Amurka akwai wani taro da ake yi a kan titin Folsom tun 1984, a Lahadin ƙarshe ta watan Satumba, wanda shi ne ranar rufe mako guda na shagulgulan maza masu neman maza da ke sha'awar shigar fata da sarƙoƙi. Ana rufe titi da izinin hukuma, dubun-dubatar mutane su fito, kowa yana nuna irin sha'awarsa a bainar jama'a. Birnin Balin na Jamus ya kwaikwayi taron tun 2004. Manufar irin wannan rana ita ce bayyanawa: mutum ya tsaya a tsakiyar titi ya ce ga abin da nake yi a ɗaki, kuma da shi nake so a san ni. Ya fito ne daga tarihin waccan unguwa, daga gwagwarmayar mazaunanta da masu son rushe ta a gina manyan benaye, da kuma shekarun da cutar ƙanjamau ke ɗibar su. Bikin ɗan daudu bai taɓa zama haka ba. Ginshiƙinsa kuɗi ne da zumunci da bashin alheri, kuma abin da ya shafi ɗaki, in ma akwai shi, ba a kawo shi fili. Wanda ya haɗa su biyu bai san ko ɗaya daga ciki ba.

Sunan ɗan daudu kansa yana nuna inda abin ya fito. Daudu laƙabi ne na Galadima, tsohuwar sarauta a ƙasar Hausa, har Tarihin Kano ya ambaci wani Galadima Daudu a zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15. A cikin iskokin bori kuwa akwai Ɗan Galadima, ɗan sarki kyakkyawa mai son ado da turare da caca, mai kyauta har ya tuɓe rigar jikinsa ya ba makaɗi. Fremont Besmer, wanda ya zauna da 'yan bori da makaɗansu a Kano da Ningi ya kuma wallafa littafinsa a 1983, ya lura cewa 'yan daudu kan halarci wasan bori, su yi rawa irin ta mata, su yi kyautar kuɗi, musamman idan Ɗan Galadima ya hau dokinsa. Daga nan mafi yawan masu bincike ke ganin sunan ya samo asali: 'yan Daudu, wato jama'ar wannan ɗan sarki. Akwai kuma tsohon suna, ɗan hamsin, da tsofaffi suka sani. Al'ummar da ke da sunaye biyu na gida ga wani rukunin mutane, ɗaya ma daga fadar sarki aka aro shi, ba jiya ta fara ganin su ba.

Bori ya ba su wuri ne saboda a filinsa dama an san jiki ɗaya na iya ɗaukar halin da ba nasa ba. Wanda iska ke hawa, namiji doki ne, mace goɗiya, amma iskar ba ta duba wannan. Inna Bafillatana na iya hawa ƙato mai gemu ya yafa zane ya yi maganar mata, Sarkin Rafi na iya hawa tsohuwa ta yi tsalle ta faɗo da mazaunai a kan ƙasa ba ta ji komai ba. Girka, wato shigar da marar lafiya cikin bori, kwanaki ake yi a ɓoye, ana ba shi jiƙo da turare, sai a ƙarshe a yi kwanan zaune a fito da shi fili. Wannan ranar ƙarshe ita ce ta jama'a. Mai garaya ko mai goge ya zauna a kan tabarma, masu buta da masu ƙwarya na gefensa, yana kiran iskoki ɗaya bayan ɗaya da taken kowannensu. Doki ya fara hamma da gumi, idanu su juye, a yi maza a sa masa kayan iskar da ta zo. Ɗan Galadima ya zauna da babbar riga da rawani, ana yi masa fifita, masu buƙata na durƙusawa suna gaishe shi kamar yadda ake gaida ɗan sarki, kuɗi na zuba a gaban makaɗa. Can sai doki ya yi atishawa, iska ta sauka, ya duba jama'a kamar wanda ya farka daga barci. A irin wannan fili, namijin da ya ɗaura zane ya karya murya ba abin a tsaya kallo ba ne.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya yi faɗa da wannan duniya, kuma ba a ɓoye ba. Malaman jihadi sun soki bori da cuɗanyar maza da mata a wajen kiɗa, Alƙalawa ta faɗi a 1808, Nana Asma'u ta kafa 'yan taru, hanyar karantar da matan karkara da masana irin su Jean Boyd ke ganin ta maye gurbin da bori ya riƙe a rayuwarsu. Amma bori bai mutu ba. A Maraɗi da Tsibiri, inda sarakunan Katsina da Gobir da suka ƙi miƙa wuya suka sake kafa mulki, sarautar Iya da ta Inna ta ci gaba a cikin fada, mace 'yar gidan sarauta tana shugabantar 'yan bori da mata masu zaman kansu. A cikin daular Sakkwato kuwa ya koma cikin gidaje da bayan ganuwa. Da Turawa suka zo suka haramta shi a fili, sai da wani jami'insu, Tremearne, ya tafi har Tunis da Tarabulus wajen Hausawan can kafin ya ga wasan sosai, ya wallafa littafinsa a 1914. Wato duk inda Bahaushe ya sauke kaya, daga bakin tekun Bahar Rum zuwa zangunan kurmi, ya sauke har da garayarsa.

Zamanin bariki shi ya mayar da daudu sana'a irin wadda muka sani. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913, gyaɗa ta kawo kuɗi, garuruwa suka cika da 'yan cirani da leburori da direbobi, maza gwauraye da ba su da mai dafa musu. A tsarin Bahaushe girki aikin mace ne, matar aure kuwa tana kulle, ba za ta zauna a bakin tasha tana zuba wa baƙo miya ba. Wannan giɓi mata masu zaman kansu da 'yan daudu suka cike. Renée Pittin ta bayyana gidajen mata na Katsina a shekarun 1970, kowanne da tsarinsa, da magajiya a sama. Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 yadda Sabo ta Ibadan ke da matanta masu zaman kansu da borinta a gefen masu gida da dillalan shanu da goro. Ɗan daudu na zaune a tsakanin duniyar nan biyu. Namiji ne, yana iya shiga kasuwa da tasha ba mai tambaya, yana kuma iya zama cikin mata ya daka, ya soya, ya sa lalle. Ya riƙe soyayyar kaza da ƙwai da tuwo da miya a tashoshin mota, ya riƙe kuma kawalci, kai saƙo tsakanin alhaji da matar da yake nema, sana'ar da ta fi komai ɓata masa suna, ko da yake ba a cika jin sunan alhajin da ya aike shi ba. Daga baya wasu suka bi hanyar Jidda, suna dafa wa alhazai abinci, su dawo da haƙorin Makka da Larabci a baki.

Duk mai sana'ar da ba ya da gona, ba ya da gado, danginsa kuma sun ja baya da shi, dole ya ƙirƙiri dangi. Nan biki ya shigo. Bikin Bahaushe dama tsarin bashi ne, kamar yadda Baba ta Karo ta bayyana wa Mary Smith a littafin da ya fito a 1954: ƙawa ta kawo gudunmawa a bikinki, ke kuma ki ninka mata a nata. Mace na samun wannan dama a aure da suna. Mai zaman kanta da ɗan daudu, da ba su da aure ko suna a kusa, sai su sa ranar ajo, don a tara musu jari, ko kuɗin kujerar Makka, ko na fita daga wata asara. Rudolf Gaudio, Ba'amurken da ya yi shekaru yana bincike a Kano tun farkon shekarun 1990 ya kuma wallafa littafi a 2009, ya nuna yadda suke kiran juna ƙawa, babba ya zama uwa ga ƙaramin da ya shigo hannunsa, ya koya masa girki da ciniki da iya baki. Ana buga katin gayyata, a fitar da anko, baƙi su zo daga wasu garuruwa a sauke su. Ranar ƙarshe ita ce ranar fili. A jera kujeru, makaɗa su zauna, maroƙi ya riƙe lasifika yana kiran sunaye. A kira uwar mai biki ta taso da 'ya'yanta a baya, ana guɗa, ta yi taku biyu uku a gaban kalangu, ta fara liƙa kuɗi a goshin mai biki, wani na tsugune yana tsincewa cikin faranti, maroƙi na shelar adadin don kowa ya ji. Ana habaici, ana mayar da martani, don gwanintar harshe ita ce adonsu na gaske. Kafin gari ya waye an ƙirga abin da aka samu, an sallami makaɗa, an san wa ya kawo nawa, baƙi sun nufi tasha don kowa na da tukunyar da ke jiran sa.

Mai karatu na iya cewa daɗewar abu ba ta halatta shi, bori ma ai ya daɗe. Gaskiya ne, kuma ba halattawa nake nema ba. Hadisin da ya la'anci maza masu kwaikwayon mata yana cikin Buhari, hukuncin luwaɗi a Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilimi a ƙasar nan ya karanta, jifa ne. Amma littattafan da suka zo da wannan tsanani su ne kuma suka rarrabe abubuwa. Sun san mutumin da ake kira muhannas, akwai shi a Madina, har ɗaya na shiga gidan Ummu Salama, kuma abin da ya sa aka hana shi shiga shi ne da aka ji yana siffanta jikin wata mata ga wani namiji. Imam Nawawi ya bambanta wanda aka halitta da laushin murya da tafiya, wanda ba shi da zargi a kan halittarsa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. A riwayar Abu Dawud an kawo wani da ya sa lalle hannu da ƙafa, aka fitar da shi bayan gari, da aka tambaya ko a kashe shi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana saboda mai salla ne. Luwaɗi kuwa aiki ne da sai an tabbatar da shi da shaidu huɗu da suka gani da ido, ko da iƙirarin mai shi. Malaman Kano da Katsina na da sun san duk wannan. Sun yi wa'azi, sun ƙi daudu, amma ba su ɗauki karya murya a matsayin shaidar abin da ba wanda ya gani ba. 'Yan daudu da yawa suna da mata da 'ya'ya, suna sahun masallaci, sun je Hajji, kuma gari ya zauna da su a kan haka: ana yi musu dariya, ana sayen abincinsu, ana rufa asiri.

Dokar gwamnati da ta rubuta laifin shigar mata a Arewa ma ba daga Risala aka ciro ta ba. Kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa na 1959 an tsara shi ne a kan na Sudan, na Sudan kuma a kan wanda Ingilishi suka rubuta wa Indiya a 1860. Sashe na 284 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14 kan saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a, sashe na 405 kuma ya lissafa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza. Duk da haka shekaru suka wuce ana biki. Iska ta fara sauyawa ne da bunƙasar wa'azin gyara, musamman bayan kafa Izala a Jos a 1978, inda bori da kiɗan biki da almubazzarancin liƙi suka zama abin suka a kowane mumbari. Sai Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, Kano ta bi a Yunin 2000, har jihohi 12 suka shiga. Aka rufe gidajen mata, Kano ta yi dokar hana karuwanci da ta haɗa da namiji mai kwaikwayon mata, aka kafa hukumar Hisba da doka a 2003. Mutanen bariki suka watse, wasu zuwa jihohin da ba shari'a, wasu zuwa garuruwan kan iyaka a Nijar. Can ma wutar ta bi su: a Nuwamban 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi da aka shirya a Yamai ta rikiɗe a Maraɗi, aka ƙona mashaya da gidajen mata, aka kai hari coci, aka afka wa gidan Iya kanta, sarautar da ta tsallake jihadi da mulkin Faransa. Abin lura, a waɗannan shekarun ne Rabilu Musa Ibro ya fito a matsayin ɗan daudu a fim, gidaje suka saya suna dariya, don har lokacin jama'a na ganin ɗan daudu a matsayin wani da suka sani.

Sabon sunan ya iso ne ta labaran duniya. Holan ta halatta auren jinsi ɗaya a 2001, Afirka ta Kudu a 2006, cocin Angilika ta rabu biyu kan batun tun 2003, gwamnatin Obasanjo ta kai ƙudirin haramta shi majalisa a 2006. Kalmar ta cika rediyo, kuma da ta zauna a kunne sai aka fara neman abin da za a ɗora mata a gida. Me ke akwai mai kati da anko da kiɗa da liƙi, ga kuma maza da ɗankwali? Bikin 'yan daudu. A Afrilun 2007 aka yi ta yaɗa cewa wata mata a Kano ta auri mata huɗu, aka rushe wurin da aka yi taron, ita kuwa daga inda ta ɓuya ta shaida wa BBC cewa taron tara kuɗi ne. A Agustan shekarar aka kama maza 18 a wani otal a Bauci, aka ce ɗaurin aure suke, da aka je gaban alƙali tuhumar ta sauko zuwa shigar mata da zaman banza, jama'a a waje na jifa da duwatsu. A Janairun 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu kan dokar da ta tanadi shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga wanda ya halarta ko ya taimaka. Tun daga nan lissafin ke ƙaruwa: mutum 12 a Kano a Janairun 2015, 53 a Zariya a Afrilun 2017, inda lauyansu ya ce bikin zagayowar ranar haihuwa ne, 19 a Kano a Disambar 2022, 76 a Gombe a Oktoban 2023. A sanarwar kamu kalmar aure ba ta ɓacewa. Labarin yadda aka tabbatar da auren a kotu, da waliyyi ko sadaki ko wanda ya ɗaura, shi ne ba ya biyo baya.

Akwai wata suka da ta fi ƙarfi, kuma ba zan kauce mata ba. Za a ce ai kowa ya san wasu 'yan daudu na neman maza. Haka ne, Gaudio kansa ya rubuta a kan abin da suke kira harka da yaren da suke ɓoye ta da shi. Sai dai binciken nasa ya nuna abu biyu da masu samame ba sa son ji. Ba kowane ɗan daudu ne ke harka ba, kuma masu harka da yawa ba 'yan daudu ba ne, maza ne masu gemu da babbar riga da iyali, waɗanda ba wanda zai taɓa tsayarwa a hanya. Samame na kama wanda ake gani ne, mai soya kaza da ya karya kwatangwalo, ya bar wanda ke da mota da katanga. Haka kuma masu lalata da ƙananan yara, waɗanda su ne ya kamata hukuma ta sa wa ido ba dare ba rana, galibi ba a ɗakin biki suke ba. A ɗaya ɓangaren, masu fafutuka daga Turai da Amurka da suka ɗauki ɗan daudu suka sa shi cikin jerin haruffan da suke kiran masu neman jinsi da su, suka ce ga ɗan'uwanmu da ake zalunta, sun taimaka wajen tabbatar da zargin. Mutumin da ke cewa Allah ne ya yi shi haka, yana azumi yana fatan gafara, bai taɓa neman a rufe masa titi ya yi shela ba. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan fassara shi da harshen da ba nasa ba, kuma shi ne ke kwana a caji ofis.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da aka yi asararsa a fiƙihunmu. Imam Gazali, da ya zo bayanin hisba a Ihya'u, ya sa sharaɗi cewa abin ƙin da za a hana ya kasance a bayyane ba tare da bin diddigi ba, kuma Suratul Hujurati ta hana leƙen asirin mutane. Labarin Sayyidina Umar da ya haura katanga ya tarar da mai saɓo, mutumin ya tuna masa cewa shi ma ya saɓa da leƙe da shiga ba ta ƙofa ba da rashin sallama, Umar ya juya ya bar shi, labari ne da ake karantarwa a zaure. A da biki na fili, ana iya cewa abin ƙi ne bayyananne. An kore shi daga fili ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, sai aka bi shi da 'yan rahoto, aka fito da mutane aka jera su gaban kyamara, hotunansu suka zaga Facebook da WhatsApp kafin alƙali ya ji ko kalma ɗaya. Wanda aka sallama bayan mako biyu ba shi da sauran rumfa a tasha, matarsa ta koma gidansu, 'ya'yansa ba sa iya zuwa makaranta. Cutarwar ta wuce su kaɗai. Wani bincike da aka yi a Abuja, mujallar Lancet HIV ta wallafa a 2015, ya gano cewa bayan dokar 2014 masu jin tsoron zuwa asibiti a cikin maza masu neman maza sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari. A garin da da yawa daga irin waɗannan maza ke da matan aure, wanda ya ƙi zuwa gwajin ƙanjamau ba kansa kaɗai ya jefa a haɗari ba.

Bikin bai ƙare ba, don buƙatar da ta haife shi tana nan. Har yau akwai yaron da uba ya kora saboda tafiyarsa, ya sauka a tasha, wani babba ya ba shi wuƙa da albasa ya ce fara yanka. Har yau yana buƙatar ranar da za a tara masa jari. Abin da ya sauya shi ne yanayin ranar. Taron da a da maroƙi ke shelarsa da lasifika yanzu a waya ake raɗa shi, ana kiran sa bikin ranar haihuwa, a kama ɗaki a otal ko wurin shaƙatawa a bayan gari, kowa na rawa ido na kan ƙofa. Samame kuma kan zo ne lokacin da taro ya cika, wato daidai lokacin liƙi. Mai biki ya riga ya ci bashin abinci da kujeru da kuɗin wuri, ya yi shekaru yana kai gudunmawa bikin wasu yana jiran ranar da za a ninka masa, sai a kwashe shi da baƙinsa a bayan mota, farantin kuɗin na ƙasa ba a ƙirga ba.